Yadda Ake Sayen Gida a Bakin Babban Titi

Duk dillalin da zai nuna maka gida a Titin Zariya ko Titin Haɗeja, tun ba ku sauka daga mota ba zai ce, "Alhaji, bakin titi ne fa, irin wannan kuɗinsa ba ya faɗuwa." Ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen ya faɗa. Titin da ya ɗaga kuɗin gidan shi ne kuma kan cinye masa soro da katanga, ya turo masa ruwan damina, ya hana mutanen ciki barci. Titi ba ya zama yadda ka same shi. Yau a faɗaɗa shi, gobe a ƙara masa tudu, jibi a raba shi biyu ko a ɗora masa gada. Shi ya sa in zan raka mutum irin wannan ciniki, titin muke fara bincikawa, ginin ya biyo baya.

Misalan da zan kawo na Kano ne. Wanda ke Kaduna, duk inda na ce KANGIS (hukumar rajista da taswirar filaye) da KNUPDA (hukumar tsara birane da ba da izinin gini) sai ya sa KADGIS da KASUPDA. Na Abuja kuma AGIS da sashen kula da tsarin gine-gine na birnin.

Abubuwan da za ka tanada

- Tef ɗin awo mai mita 50. In babu, sami doguwar igiya ka ƙulla ta a kowane mita 5. In ita ma babu, takun babban mutum kusan santimita 75 ne, amma wannan na ƙiyasi ne kawai.
- Waya mai kyamara, da manhajar auna ƙara, da Google Maps.
- Siririn tiyo mai haske, irin wanda magina ke zuba wa ruwa su auna daidaiton gini.
- Tocila, kofin gilashi, farin ƙyalle, littafi da biro.
- Mutum uku: magini ko injiniya, safiyo mai rajista, da lauya. Dukkansu kai za ka nemo su, ba dillali ba. Wanda dillali ya kawo, ko mutumin kirki ne, yana jin kunyar ɓata masa ciniki.
- Kuɗin bincike, ware daban da kuɗin gida. Ka sa a ranka cewa za ka iya kashe su ƙarshe ka fasa sayen.
- Lokaci, aƙalla sati biyu. In aka ce maka "akwai wani Alhaji da zai biya gobe", ka ce Allah ya sa alheri.

Mataki na 1: Tsayar da abin da za ka yi da gidan

Zama za ka yi da iyali, ko shaguna za ka fitar ka sa haya? Ƙarin kuɗin da ake ɗora wa gidan bakin titi kuɗin kasuwanci ne. In zama kawai za ka yi, ka biya tsadar abin da ba za ka mora ba, ga ƙara da ƙura a kai. Mai neman wurin zama, shawarata ya nemi gida na biyu ko na uku a layin da ya fito kan titin. Adaidaita sahu na kusa, gine-ginen gaba sun tare masa hayaniya, kuɗin ya fi sauƙi, kuma in aka zo faɗaɗa titi, maƙwabcinsa na gaba ne zai shiga uku, shi kuwa matsowa gaba zai yi.

In duka biyun kake so, shago a gaba iyali a baya, to nemi filin da tsawonsa ya shige ciki, ba wanda ya miƙe ya bi titi ba. Kuma ya kasance yana da hanyar fitar da ƙofa ta gefe ko ta baya.

Mataki na 2: Gano titin na waye, sannan ka auna

Wannan shi ne matakin da in ka tsallake, sauran duk aikin banza ne. Titi ya fi kwaltar da kake gani faɗi. Akwai filin da doka ta keɓe masa hagu da dama, ko an yi aiki a kai ko ba a yi ba.

In titin na gwamnatin tarayya ne, kamar na Kano zuwa Zariya, Kano zuwa Katsina ko Kano zuwa Maiduguri, abin da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke ɗauka nata shi ne mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Daga tsakiya fa, ba daga bakin kwalta ba. In tagwayen hanya ce, tsakiyar ita ce tsakiyar shingen da ya raba hannu biyun. A taku, wajen 60 ke nan.

Kada ka je ka tsaya a tsakiyar titi da tef da rana tsaka. Ka zo bayan sallar asuba, ko ka auna daga bakin kwalta zuwa katangar gidan, sai ka ƙara rabin faɗin titin. Titin tarayya mai hannu ɗaya kwaltarsa yawanci mita 7.3 ce, ban da kafaɗa. Google Maps ma yana da wurin auna tazara a hoton tauraron ɗan'adam, zai ba ka ƙiyasi kafin ka taso daga gida. Ka rubuta awo biyu: zuwa katanga, da zuwa bangon ɗaki na farko. Gidan da katangarsa kaɗai ta shiga hurumin titi daban yake da wanda falonsa ya shiga. Na farkon magana ce ta ragi, na biyun magana ce ta fasawa.

Na san abin da za a ce maka: "Ai duk layin nan haka suke, shekara talatin ba wanda ya taɓa su." Gaskiya ne, a cikin gari gine-gine birjik sun shiga wannan awo, wasu ma sun riga titin na yanzu. Amma shirun gwamnati ba izini ba ne. Ka je ofishin Kwantirolan Ayyuka na Tarayya da ke jihar ka tambayi awon da suke aiki da shi a daidai wurin. In titin na jiha ne, awonsa ya danganta da girmansa da taswirar unguwar, kuma KNUPDA ce za ta gaya maka.

Kana riƙe da tef ɗin, ɗaga kai ka dubi sama. Manyan wayoyin lantarki kan bi gefen manyan tituna, su ma da nasu hurumin: layin 330kV mita 50 ne gaba ɗaya, 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30, wato 15 kowane gefe. Gidan da ke ƙarƙashinsu ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Sai ka zaga da ƙafa ka duba katangun layin, gida goma hagu gida goma dama. Kana neman jan fenti: alamar kuros, kibiya, lamba, ko kwanan wata. Ka kula da katangar da aka shafa wa sabon fenti a wuri guda kawai, sauran jikinta tsoho. Haska tocila a karkace, jan kan nuna ta ƙasa.

Mataki na 3: Binciko abin da ake shirin yi wa titin

A ofis ka tambayi abu uku: akwai shirin faɗaɗawa, akwai shirin gada ko shataletale a mahaɗar da ke kusa, kuma an taɓa biyan diyya a wannan layi? Ta ukun ita ce tarkon da ya fi kama mutane. A zo a ƙirga gidaje, a biya mai gida diyya, aikin ya tsaya shekaru, shi kuma ya sayar da gidan ya yi gaba. Aikin tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da shi, ka ga tsakanin ƙirga gida da zuwan katafila yaro na iya girma ya yi aure. Ranar da katafilar ta zo, sunan wancan ne a takardar biya, kai ba ka da ko sisi.

Ita diyyar ma ka san iyakarta. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a, kuma titi na ciki. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma ta abin da ka gina ko ka shuka, ba kuɗin da filin zai yi a kasuwa ba. Alhali a bakin titi, filin ne mai tsadar. Wanda ya yi gini a hurumin titi ba da izini ba kuwa, kada ma ya sa rai.

Gada kuma nata aikin daban. Ka je Dangi ko Hotoro ka tsaya a gefen inda gada ta fara hawa, ka dubi shagunan wurin. Mota ta wuce ta sama ko ta ƙasa, mai saye ba shi da wurin tsayawa. In gidan na kusa da mahaɗar da kullum ke cushewa, ka ɗauka wata rana za a taɓa ta.

In ofis ya gagara, ko an yi ta ce maka ka dawo gobe, je wurin mai unguwa, da mai shayi ko mai facin da ya daɗe a wurin. Su ne suka ga ranar da masu safiyo suka zo da na'ura mai ƙafa uku. Kada ka ce musu gida za ka saya, ka ce shago kake nema haya. Abin da suka faɗa ba hujja ba ce, amma zai nuna maka tambayar da za ka koma ofis da ita.

Mataki na 4: Je ka ji ƙarar da kunnenka

Dillali da hantsi yake kai mutum ganin gida, lokacin da masu zuwa aiki sun wuce, 'yan makaranta ba su taso ba. Kai ka koma ba tare da shi ba: da safe wajen ƙarfe 7, da yamma tsakanin la'asar da magariba, sannan da dare daga 11 zuwa sama, lokacin da tireloli da tankoki ke tasowa. Ka ƙara da ranar Juma'a, da ranar cin kasuwa in akwai ta kusa.

Shiga ɗakin da za a riƙa kwana, ka kashe fanka, ka buɗe tagogi duka. Wannan shi ne gwajin gaskiya, domin a watan Afrilu, ga zafi ga ba wuta, ba wanda ke rufe taga, wasu ma a tsakar gida za su shimfiɗa tabarma. Zauna minti 15 ba magana. Sai ka kunna manhajar auna ƙara. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ya fitar a 2018, ya ba da shawarar kada ƙarar ababen hawa ta wuce desibel (ma'aunin ƙara) 53 a matsakaici, da dare kuma 45. Waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma tana da amfani wajen kwatanta ɗaki da ɗaki, ko gida da gida. In ba manhaja, kira wani a waya ka yi magana da muryar da ka saba. In sai ka toshe ɗaya kunnen, ka sami amsa.

Abu kaɗan game da yadda ƙara ke tafiya zai taimake ka. In ka ninka nisanka da titi, abin da ke raguwa wajen desibel 3 ne kawai, alhali sai an rage kusan 10 kunne ke jin kamar an rage rabi. Ma'ana, gidan da ke mita 20 bai fi na mita 10 da wani abin kirki ba. Abin da ke aiki shi ne gini ko katanga a tsakani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in kana hango tayar mota daga taga, ƙararta na iso ka kai tsaye. Shi ya sa saman bene ya fi ƙasa shan ƙara, katanga ba ta kai can ba.

Kuma ba yawan motoci ne ke tashin mutum daga barci ba, tsayawa da tashi ne. Motocin da ke wucewa santsi, kunne kan saba da su. Amma gidan da ke daidai danja, ko tudun rage gudu, ko rami, ko shingen jami'an tsaro, ko gangare, wannan kullum cikin birki da hon da rugugin tirela mai canja giya yake. Tifa ba kaya in ta faɗa rami da ƙarfe biyun dare, har jariri sai ya firgita. Wurin da 'yan adaidaita ke lodi, da mai walda, da mai sayar da waƙoƙi da lasifika, su ma ka sa su a lissafi.

In kana iya shawo kan mai gidan ya bar ka ka kwana ɗaya, ya fi duk wani awo. In ya ƙi, yi fakin a ƙofar gidan ka zauna awa guda da gilashi a sauke.

Mataki na 5: Duba tudun titi da hanyar ruwa

Duk lokacin da aka sake gina titi, ana zuba masa ƙasa da dutse da sabuwar kwalta, ya ƙara tsawo. Gida kuwa yana inda yake. Haka gidan da a da ake hawa matakala a shiga yake komawa wanda ake gangarawa. Ruwan da ya sauka a kan kwalta ba ya nutsewa, gefe yake nema, kuma gefen kai ne.

Ga yadda ake aunawa. Cika tiyon nan da ruwa, ka tabbata ba kumfar iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a tsaye a bakin kwalta, kai ka riƙe ɗayan a ƙofar gida. Ruwan zai tsaya daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Kowa ya auna daga kan ruwan zuwa ƙasa. In naka awon ya fi nasa tsawo, gidan ya fi titi ƙasa, kuma bambancin shi ne zurfin ramin da kake shirin saya. Ka maimaita zuwa tsakar gida. In tiyon bai kai ba, a yi shi zango-zango. In babu tiyo, zuba bokitin ruwa biyu a bakin get ka ga inda ya nufa.

Mafi kyau ka ga gidan a watan Agusta ana tsaka da ruwa. In da rani cinikin ya zo, ruwa ya bar shaida:

- layin datti a jikin katanga, tsawo ɗaya a gidajen layin;
- farin gishiri da fenti mai ɓarewa a gindin bango;
- ɗan ginin da aka tayar a bakin ƙofa, wanda sai an tsallaka, musamman in maƙwabta duk sun yi;
- sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa kawai;
- ƙasan ƙofar ƙarfe ya ci tsatsa.

Leƙa lambatu da tocila. Yana da zurfi? Ya cika da leda da yashi? Bi shi da ƙafa ka ga inda ya ƙare, domin akwai lambatun da aka gina mai kyau ya je ya tsaya a bayan gidan wani. In kwalbatin da ke ratsa ƙarƙashin titi bakinsa na kallon gidan, ruwan tsallake ma naka ne. Gidan da ya fi titi ƙasa da abin da ya kai gwiwa, gyaransa cike ne da ɗaga dabe, wani lokaci har da ɗaga rufi. Maginin da ka zo da shi ya yi maka lissafin a wurin.

Mataki na 6: Girgiza, tsaga da ƙura

Ajiye kofin gilashi da ruwa a daben ɗakin gaba, ka jira babbar mota. In ruwan ya yi rawa, tagogi suka yi kaɗawa, ka rubuta. Girgizar mota ita kaɗai ba kasafai take rushe gini mai kyakkyawan tushe ba, filasta take tsagawa. Tsagar da za ta dame ka ita ce wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko wadda makulli ke shiga, ko wadda ta fito ciki da waje a wuri ɗaya. Wannan injiniya za ka nuna wa.

Ƙura kuwa, shafa farin ƙyallen a saman ƙofa da fiffiken fanka. Ja ko ruwan ƙasa ƙurar gari ce, kowa na sha da hunturu. Baƙi mai maiƙo hayaƙin dizal ne. Hayaƙin mota ya fi kauri a mita 100 zuwa 150 na farko daga titi, daga nan yake raguwa sosai. In akwai mai asma a gidanka, ko jarirai, ko tsoho mai ciwon zuciya, wannan kaɗai ya isa ya mayar da kai layi na baya.

Mataki na 7: Gwada shiga da fita

Shiga da motarka cikin gidan, ka fito da ita da ƙarfe 5 na yamma. In sai da baya za ka fito kan titi, kullum sai an tsayar maka da motoci, ka san abin da ka saya. In titin a rabe yake, tuƙa zuwa inda ake juyawa ka ga nisan. Duba ko akwai wurin da baƙo zai ajiye mota ba tare da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, sun ɗauke ta ba.

Sai tambayar da iyaye mata suka fi maza tunawa da ita: makarantar boko, Islamiyya, masallaci da mai kayan miya, a wane hannu suke? In duk a tsallake ne, yaranka za su ratsa titin nan sau huɗu ko fiye kowace rana. Akwai gadar masu tafiya a ƙasa? Ana hawanta?

Ka guji gidan da ke bayan kwana, ta wajen da mota ke zamewa, da na ƙarshen gangare, da wanda titi ya miƙe ya nufo ƙofarsa. Katangar da aka yi wa faci da sabon bulo a tsakiya, ko turken lantarki a karkace, ka tambayi dalili. Bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta mutum sama da 150 suka rasu, ba na raina maganar wurin da tankoki ke kwana ko juyawa. Man da ya zube lambatu yake bi, kuma lambatun ta ƙofar gidaje ya wuce.

Mataki na 8: Takardu

Sai yanzu za ka ce a kawo takarda. Ka ga ta asali da idonka, ka karɓi kwafi. In aka ce ta asalin "tana wurin yaya a Abuja", wataƙila tana banki an ci bashi da ita.

Lauyanka ya shigar da bincike a KANGIS da Ma'aikatar Filaye: sunan wa ke kan fayil, akwai jingina, akwai sokewa, ana bin kuɗin ƙasa? Safiyo kuma ya ɗauki lambobin da ke taswirar filin ya zo ya nemo iyakokin a ƙasa. A bakin titi an saba samun gidan da takardarsa ta ce ƙafa 75, katanga ta ce 90. Ƙafa 15 ɗin nan na titi ne, kada ka biya kuɗinsu.

Nemi takardar amincewar gini ta KNUPDA, ka kwatanta zanen da abin da ke tsaye. Shagunan gaba suna cikin zanen, ko daga baya aka manna su? Duba kuma abin da takardar mallaka ta ce a yi da filin. In ta ce wurin zama, kai kuma shaguna kake so, sai ka nemi canjin manufa, da kuɗinsa, kuma ba dole a ba ka ba.

Ko takardar gwamnati ce a hannu, ka tambayi me filin yake kafin a yanka shi. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023, har da shagunan Filin Idi, ya shafi mutanen da gwamnatin da ta gabata ce ta ba su wuraren. Filin da asalinsa gefen titi ne, ko hanyar ruwa, ko jikin badala, ko harabar makaranta, gwamnati na iya canjawa ra'ayi ya canja.

In awon igiya ne, ba C of O (takardar shaidar mallaka ta gwamnati), ba a ce kada ka saya ba, amma a bakin babban titi haɗarin ya ninka. Ka bi takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya har zuwa mai gonar farko, mai unguwa da dagaci su tabbatar, kuma safiyo ya duba a ma'aikata ko wurin ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati. In gidan gado ne, ka ga takardar rabon gado ta kotu, ko kuma duk magada, mata da maza, su sa hannu.

Mataki na 9: Ciniki da biya

Tambayi kuɗin gida irinsa a layi na biyu. Bambancin shi ne abin da ake sayar maka da sunan titi. In don haya ne, kada ka yi lissafi da abin da dillali ya ce shago "zai yi". Tambayi masu shagunan gefe abin da suke biya a shekara, ka ƙirga shagunan da ke rufe a layin. Daga nan ka cire kuɗin cike, katanga, tagogi, da duk ƙafar da ta shiga titi. Da littafinka a hannu za ka yi tayi, kana nuna awo, ba "a dai duba mana" ba.

La'ada a yi maganarta tun farko: nawa ce, wa zai biya, dillalai nawa ne a layin. An fi yin kashi 5 cikin 100, amma ana daidaitawa. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a dawo maka da shi in bincike ya nuna matsala. Sauran kuɗin ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba na ɗansa ko na dillali ba. Lauya ya rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, maƙwabtan iyaka su halarta. In akwai 'yan haya a shagunan, a rubuta ranar da kuɗin kowa zai ƙare. Bayan nan ka nemi amincewar gwamna kan canjin mallaka, kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada. Mutane kan yi sakaci da wannan, alhali in ba a yi ba, ranar biyan diyya sunan tsohon mai gida ne a fayil.

Mataki na 10: Gyara kafin a tare

Fara da ruwa: cike, ɗaga bakin get, yashe lambatu. Sai katanga ta bulo inci 9, ba mai huji-huji na ado ba, tsawonta ya kai ya ɓoye motoci daga tagogi, gwargwadon abin da hukuma ta yarda. Ƙara kamar ruwa take, duk kafar da ta samu za ta bi, don haka get mai sanduna ko mai babban giɓi a ƙasa ya ɓata aikin katangar. A sa na farantin ƙarfe rufaffe.

Ɗakunan kwana su koma baya. Gaba a bar wa soro, sito, banɗaki, gareji. Tagogin da ke kallon titi, a cire luba a sa masu gilashi mai kauri da roba a baki, waɗanda ke rufuwa ruf. Iskar ɗaki a nemo ta daga tsakar gida. In kuɗi bai kai a canja duka ba, fara da ɗakin yara da na tsofaffi, sauran a toshe giɓinsu a sa labule mai nauyi.

Darbejiya a cikin katanga za ta ba ka inuwa ta rage ƙura, amma layin bishiya ɗaya ba ya tare ƙara, kada ka dogara da shi. Tankin ruwa da rijiya a yi musu murfi mai kyau. Ƙofar da yara za su riƙa bi a fitar da ita ta layi, ta titin kuma a sa mata sakata sama inda hannunsu ba ya kaiwa.

In ka zuba 'yan haya a shagunan, rubuta a takardar haya cewa ba a yarda a kafa rumfa, ko a ɗora kwantena, ko a rufe lambatu da siminti a gaban shago ba. Su za su yi ƙarin, amma takardar gargaɗi da tara sunanka za su zo da shi.